Littafin da Ya Kusa Kashe Ni a Kasuwar Jibiya

A Ɗan Isa, garin bakin iyaka, motar Maraɗi ta sauke mu, direban ya ce nan ce iyakarsa, kowa ya san yadda zai yi da kansa. Na tsaya bakin kwalta da akwatina da buhun littattafai ina kallon hanyar da ta miƙe kudu. Sunana Isufu, mutumin Mirya ne ni, kusa da Damagaram. Na yi shekaru ina koyarwa a ƙauyukan ƙasarmu a matsayin malamin kwantiragi, har na gaji da jiran ranar da za a ɗauke ni aiki na dindindin. Wani abokina ne ya ji cewa wata makarantar kuɗi a Jibiya tana neman malamin Faransanci, shi ne na baro uwata da matata Zainabu na kamo hanyar Nijeriya.

Tun ban taka ƙasar ba aka yi mini maraba da cuta. Wani mutum mai riga ruwan ɗorawa ya tare ni ya ce shi ne mai duba kayan baƙi. Ya ja ni bayan wata rumfa, ya buɗe akwatin, ya kwashe kilishi da dabinon da uwata ta ƙulla don in kai wa mai masaukina, ya haɗa da sabon takalmina, ya ce ba a shiga da su. Sai da na hau bayan ɗan acaɓa muka wuce shinge, na ba shi labari, ya yi dariya har babur ɗin ya yi tangal-tangal.

"Malam, wanga ai ɗan tasha ne, ba ma'aikaci ba. Rigar ma aro ya yi."

Wannan ƙaramin ɓarawo tun a ranar na yafe masa. Yunwa ce ta sa shi, kuma bai san ni ba. Wanda ban yafe wa ba yana gaba, yana jirana da murmushi.

Malam Garzali shi ne mataimakin shugaban makarantar, kuma da yake shugaban tsoho ne mai yawan jinya, komai a hannunsa yake. Dogo ne, mai tsabta, hularsa kullum a karye gefe guda, yana sa zoben azurfa mai jan dutse a babban yatsa. Ya rungume ni kamar ɗan uwarsa, ya ce in ɗauki Jibiya gida. Ya tambaye ni yadda yara ke kiran malami a ƙasarmu, na ce masa "mushe", daga Faransanci aka aro ta. Ya gyaɗa kai.

Washegari da safe, yara sun yi layi a fili, ya ɗaga murya ya ce, "Yau Allah ya kawo mana mushe daga Nijar. Ku zo ku gan shi tun bai fara wari ba."

Fili ya kaure da dariya, har da malamai. Na san abin da kalmar take nufi a Hausa, ni ma Hausar na sha a nono. Na yi murmushin yaƙe, na ce a raina wasa ne. Daga nan ya ɗora mini azuzuwansa biyu a kan nawa, ya ce baƙo da aiki ake sanin sa. Ɗakin da ya ba ni kuwa ma'ajiyar karyayyun bencina ce, ba taga, ƙofar da igiya ake ɗaure ta.

Wanda ya fitar da ni daga ɗakin nan Baba Nomau ne, sarkin 'yan dakon tasha. Mutumin wajen Maraɗi ne, ya yi shekaru da yawa a Jibiya har gemunsa ya yi fari a can. A masallaci ya ji harshena bayan sallar la'asar, ya juyo.

"Kai ɗan Damagaram, mi ya kawo ka nan?"

Na gaya masa. Ya bi ni ya ga ɗakin, sannan ya sunkuya ya ɗora akwatina a kansa, tsoho da shi. Na yi na yi ya sauke, ya ƙi.

"Ɗan ƙasarmu ba ya kwana wurin ɓeraye ina da zaure. Mu tahi."

Gidansa cike yake da 'yan dako da direbobin da ke kai da kawowa tsakanin Jibiya da Maraɗi. A nan na riƙa jin kalmomin gida, wannan ya ce wa babbar mota kamyo, wancan ya ce wa makaranta lakwal, sai in ji sanyi a ƙirjina. Duk da haka kewa ba ta bar ni ba. Ran Asabar nakan taka zuwa Magama, can kusa da shinge inda layin wayar ƙasarmu yake kamawa, in zauna kan wani dutse in kira Zainabu. Takan ba uwata wayar, ita kuwa tambayarta ɗaya ce kullum: "Kana cin abinci?" In na kashe wayar sai in daɗe ina kallon motocin da suka nufi arewa.

A aji kuma abin ya fi ƙarfina. Na zo da tunanin cewa Hausa ɗaya ce, mutane ɗaya ne, ashe ban san komai ba. A benci guda za ka ga ɗan Bakatsine manomi daga Riko, da 'yar Bagobiri, da ɗan Buzu mai gadi, da ɗan Bafulatani, da ɗan Bayarabe mai gyaran mota, da ɗan direban Maraɗi wanda yau yana nan gobe yana can. Wata rana wata Bafulatana ta zo ɗaukar ɗanta, na tsare ta a gaban mutane ina ta tambayar ta sunansa don in kira shi. Ta sunkuyar da kai, ta juya ta tafi. Yaron bai dawo ba sai bayan mako biyu. Da na ba Baba Nomau labari ya riƙe baki.

"Ɗan farinta ne. Yaya za ka sa ta kama sunan ɗan fari a bainar jama'a? Ka kunyata ta, Malam."

Ran nan na sayi littafi mai baƙin bango. Na ƙudura cewa duk yaron da ke ajina sai na san ƙofar gidansu, na gaida iyayensa, na san abin da suke so da abin da suke ƙi. Bayan la'asar da ranakun hutu na riƙa bin unguwanni da ƙauyuka, wani wuri a ƙasa, wani wuri a bayan acaɓa. Duk abin da na koya sai in rubuta, rabi da Hausa, rabi da Faransanci. Da yake ni baƙo ne mai saurin ɓata, nakan zana hanyar gidan a gefen shafi: ga injin niƙa, ga rijiya, ga kukar da za ka karya hagu.

A wannan yawo na san Agali, Buzu mai shayi a bakin tasha, wanda ya koya mini cewa ba a kawo wa mutanensu magana mai nauyi sai an sha kofi na uku. Na san Gwaggo Tabawa, Bagobira mai tuwon sayarwa, wadda zanen fuskarta ya kai har kunne, take zagin Bayaraben garejin kusa da ita tun safe har yamma, shi ma yana ramawa, amma ran da ya kwanta ciwo ita ta riƙa aika masa kunu. Na koma rugar Bafulatanar nan na ba da haƙuri. Da mijinta ya ji cewa kakannina Barebari ne sai ya tuntsire da dariya ya ce ashe bawansa ne ya zo, ya sa aka cika mini ƙwarya da nono. A Gangara wani manomi ya hana ni tafiya sai da na ci ɗanwaken gidansa.

Abin ya yi albarka. Direbobin Maraɗi suka ji akwai malami mai jin maganarsu, suka fara kawo 'ya'yansu. Yaran da suka daina zuwa suka dawo. A taron malamai na ƙarshen zango, Alhaji mai makarantar ya ce zai buɗe reshe a Magama, kuma ni yake so in riƙe shi. Na dubi Malam Garzali, na ga yana tafa hannu fiye da kowa. Ban san cewa shekara biyu yana jiran wannan kujera ba.

Bayan kwana kaɗan ya same ni a ɗakin malamai ina rubutu.

"Malam Isufu, wane littafi ne wannan da ba ka rabuwa da shi?"

Na miƙa masa da hannuna. Ya yi ta buɗawa yana cewa masha Allah. Aka kaɗa ƙararrawa, na bar shi da littafin na shiga aji.

Duk wanda ya zauna yankin nan a shekarun nan ya san halin da ake ciki da ɓarayin daji. Sun kashe, sun sace, sun tashi ƙauyuka. Kuma kowa ya san ba sa shiga gari sai da ɗan gari, mai nuna musu gidan da ke da shanu da wanda ya sayar da hatsi. Infoma ake ce masa. Ba kalmar da ta fi ta saurin kashe mutum.

Ran wata Lahadi, ranar kasuwar Jibiya, na shiga sayen sabulu da hantsi. Ina tsaye wajen 'yan koli na ji an damƙi wuyan rigata ta baya. Kafin in juya sanda ta sauka a kafaɗata. 'Yan banga ne, su shida ko bakwai.

"Shi ne! Ga infoman nan ɗan Nijar!"

Ban san kasuwa tana iya juyewa a kan mutum ɗaya cikin ƙiftawar ido ba sai ran nan. Aka ja ni a ƙasa har bakin kara, inda ake cinikin dabbobi, aka ɗaure ni a jikin turken shanu. Wani ya ciro littafin daga jakata ya ɗaga sama, ya buɗe shafin da na zana hanyar Riko.

"Ku duba! Taswirar gidajenku ce, da rubutun da ba mai iya karantawa!"

Na ɗaga hannu ina cewa ni malami ne, gora ta sauka a kan hannun. Na ji ƙarar yatsuna biyu kamar an karya kara. Wani dutse ya same ni a baki, na tofar da haƙori. Wata mata da aka kashe mata miji tana ihu a kawo fetur. Ban ga laifinta ba, har yau ban gani ba. Na fara kalmar shahada, ina tunanin wa zai gaya wa uwata.

Sai na ga bayan mutane sun kewaye ni. 'Yan dakon tasha ne, Baba Nomau ya kwaso su gaba ɗaya, sun sarƙe hannuwa sun ba ni baya, sanduna na sauka a kansu. Gwaggo Tabawa ta kutsa ta ƙarƙashin hannunsu da muciya a hannu, ta cire mayafinta ta rufe mini kai, ta zauna a gabana.

"Wanda zai ƙone shi shi fara da ni. Ku karanta abin da ya rubuta tukuna, 'yan banza marasa kunya!"

Aka samo wani direba da ya yi lakwal a Maraɗi. Ya hau kan amalanke da littafin, ya fara karantawa yana fassarawa.

"Gidan Gwaggo Tabawa, bayan injin niƙa. Jikarta ba ta gani daga nesa, a zaunar da ita a bencin gaba." Ya juya shafi. "Riko, gidan mai kuka biyu. Uban ya rasu, yaron yana zuwa a makare saboda shi ke ɗebo ruwa. Kada a doke shi." Ya sake juyawa. "Ruga. Uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Na yi kuskure, na ba da haƙuri."

Ya yi ta karantawa. Wani daga cikin taron ya ce, "Wanga gidanmu ne." Wani ya ce, "Ɗiyata ce wannan." Hayaniya ta riƙa raguwa har na fara jin kukan shanu. Babban 'yan bangan ya sa wuƙa ya yanke igiyar da kansa, bai iya duban idona ba.

Sati shida na yi a zauren Baba Nomau da karan ɗori a hannu. Yatsun sun haɗe a karkace, har yau da hagu nake riƙe alli. Zainabu ta yi ta kuka a waya tana cewa in dawo gida. Na ce mata zan dawo, amma ba yanzu ba. Wanda ya so aika ni lahira yana yawo a garin nan, kuma ba zan tsallake shinge ba sai na san sunansa.

Malam Garzali ya zo duba ni da ledar lemo. Ya zauna kusa da ni yana girgiza kai.

"Mutane ba su da imani, Malam Isufu. Ni da kai ne, wallahi gida zan koma. Rai ya fi aiki."

Na yi masa godiya. A lokacin ban zarge shi ba, amma maganar ta tsaya mini a rai.

Da na fara fita, wurin Agali na nufa. Na sha kofi na ɗaya mai ɗaci, na sha na biyu, muna zancen zafi da tsadar sukari. Sai da ya zuba na uku na ce, "Agali, kafin ranar nan, ka ji wani abu a kaina?"

Ya gyara rawaninsa ya rufe baki da shi. "Na ji. Na ce ƙarya ne, amma ban zo na gaya maka ba. Wannan kunyar tawa ce." Ya ce a bakin wani direban Katsina ya ji.

Direban ya ƙi kula ni. Baba Nomau ya ce ba haka ake yi ba, ɗan tasha ba ya magana da bare sai shugabansa ya ce ya yi. Muka sayi goro muka je wurin sarkin tasha, muka durƙusa muka gaishe shi. Ya sa aka kira direban, nan take ya ce a majalisar mahauta ya ji. Mahauta suka ce daga wata mai koko. Ita kuwa matar aure ce a cikin gida, ba ni da hanyar shiga. Gwaggo Tabawa ta ce in bar mata. Ta jira ranar wani suna a unguwar, ta yi kwalliya ta je, ta dawo mini da amsa: mijin matar ne ya zo da zancen daga wurin wanzami.

Haka na yi ta bin maganar nan baki bayan baki, kamar mai bin sawun ɓarawon akuya. Wata biyu ina yi. Kullum da safe ina shiga makaranta, in gaida kowa, in koyar da darasina. In na kwanta hannun yana zogi, sai in riƙa jera sunayen da na samu, ina jin wani abu mai zafi yana daɗa taruwa a cikina. Ban roƙi Allah ya cire mini shi ba. Shi ne abincina a kwanakin nan.

Wanzamin tsoho ne mai tsoro. Na zauna ya yi mini aski, na bari sai da ya gama ya wanke askarsa, sannan na ɗora masa karkatattun yatsuna a gwiwa.

"Baba, kai ka yi wa rabin garin nan kaciya. Ba na neman ka da sharri. Wa ya ba ka?"

Ya daɗe yana kallon hannun. Sannan ya ciro waya daga aljihu, ya lalubo wani hoto ya miƙo mini. Shafin littafina ne, mai hanyar Riko. An ɗora shi a kan teburin ɗakin malamai, na gane ledar teburin mai furanni. A gefen shafin ga babban yatsan da ya danne takardar, da zoben azurfa mai jan dutse.

"Shi ya turo mini," in ji wanzamin. "Ya ce in nuna wa 'yan banga amma kada in kama sunanshi, wai tsoron ranshi yake ji. Na ɗauka taimakon gari nike."

Na fito daga rumfar. Na tuna lemon nan da na sha har da godiya, na tsuguna a bakin kwata na yi amai.

Da labari ya kai gidan Baba Nomau, samarin 'yan dako suka tashi. Wani ya ce a tare shi a hanya a karya masa hannu biyu. Wani direba ya ja ni gefe ya ce abu ne mai sauƙi, yadda ya yi mini haka za a yi masa, kalma ɗaya za a jefa a kasuwa, kafin azahar an gama. Na ce a'a. Kada wani ya ɗauka tausayi ne ya hana ni. Na ga yadda abin yake, minti kaɗan ne mutum ya huta. Ni so nake ya rayu, ya yi ta tafiya a cikin mutanen da suka san abin da ya yi.

Na bi hanyar da garin ya koya mini. Na je wurin kowa a ƙofarsa, da irin gaisuwarsa, na roƙe su su zo gaban mai unguwa a yi maganar. Ran da mai unguwa ya sa mana, zaurensa ya cika har waje: Baba Nomau da mutanensa, sarkin tasha, sarkin fawa, Agali, Bayaraben gareji, babban 'yan banga, manoman Riko da Gangara. Bafulatanin nan ma ya zo, shi da ke tsoron shiga gari saboda kallon da ake yi wa irinsa. Gwaggo Tabawa ta zauna a bakin ƙofa. Aka kira Alhaji mai makaranta, aka kira Malam Garzali.

Kowa ya tashi ya faɗi wanda ya gaya masa, ɗaya bayan ɗaya, har magana ta zo kan wanzami. Malam Garzali ya rantse ya maya cewa bai san zancen ba. Mai unguwa ya karɓi wayar ya duba, ya ce, "Malam, miƙo hannunka." Ya ɗora yatsan kusa da hoton. Ko zoben bai cire ba, don bai taɓa zaton baƙo zai iya bin sawu har nan ba.

Ya fashe da kuka, ya ce sharrin Shaiɗan ne. Alhaji ya ce daga yau ba shi ba makarantarsa. Mai unguwa ya juyo gare ni ya ce in faɗi abin da nake so, ko a miƙa shi ga hukuma, ko a yi mini diyyar hannuna.

"Ranka ya daɗe, ba na son ko ɗaya. A bakin kara aka ɗaure ni ranar kasuwa. Ina so ranar Lahadi ya tsaya a jikin turken nan, a ba shi lasifikar mai tallan magani, ya faɗi abin da ya yi da bakinsa, da sunansa da sunan ubansa. Kada kowa ya taɓa shi."

Dattawa suka yi ta ba ni baki. Liman ya jawo mini falalar yafiya, ya ce Allah yana son masu haƙuri. Na ce, "Allah gafarta Malam, gaskiya ka faɗa. Amma hakkina ne, kuma ban kai wannan matsayin ba."

Ranar Lahadi ya tsaya. 'Yan bangan da suka doke ni su suka kewaye shi don kada a jefe shi. Muryarsa ta fita a lasifika har rumfar 'yan hatsi: shi Garzali, ya yi wa baƙo ƙazafi don kujera, ya san za a iya kashe shi, kuma abin da ya so ke nan. Na sa ya maimaita wannan na ƙarshen sau biyu. Ina tsaye a gabansa, ban ɗauke ido ba. Matar nan da ta nemi fetur ta matso ta tofa yawu a ƙasa kusa da ƙafarsa, ta juyo ta durƙusa mini. Ita kam na ɗaga ta na ce na yafe.

Ba wanda ya taɓa shi, kamar yadda na roƙa. Amma in ya yi sallama a majalisa sai a amsa a tashi. Mahauta suka riƙa cewa nama ya ƙare alhali ga shi a rataye. Agali ya ce ba shi da kofin da zai ba shi. A masallaci akan bar gurbi tsakaninsa da na kusa da shi, liman ya yi faɗa, a matsa, gobe a sake bari. Ya aiko mini mutane sau uku neman gafara, ina ce musu na ji. Bai kai wata biyu ba ya sayar da gidansa.

Ran da zai tashi, ni na riga na fara aiki a reshen Magama, amma na nemi izini na zo tasha tun da safe. Na zauna a bencin Agali. Amalanke ya kawo kayansu ya juye a bakin tasha, motar Katsina kuwa tana can ƙarshen fili. Gadaje, katifu, buhunan hatsi, akwatuna. Malam Garzali ya kira ɗan dako, ba wanda ya motsa. Su wajen ashirin suna zaune a inuwa, Baba Nomau a tsakiyarsu yana jan carbi. Ya sake kira, ya ce zai ninka lada. Ko ɗaya bai tashi ba.

Ya cire hula, ya naɗe babbar riga, ya ɗora katifa a ka. Ya kai ya dawo, ya ɗauki ƙafar gado. A zuwa na huɗu ya faɗi da buhun gero, ya tashi ya ja shi a ƙasa. Rana ta yi sama. Na ce wa Agali ya ƙara mini shayi.

Matarsa tana tsaye da goyo, ta rufe fuska da mayafi. Ban taɓa jin muryarta ba sai ran nan. Ta tako har gabana.

"Malam, don Allah ya isa haka."

Na kurɓi shayina. Ta tsaya kaɗan, sannan ta koma wurin kayan, ta sunkuya da goyon a bayanta tana ƙoƙarin ɗaga wani buhu. Baba Nomau ya daina jan carbi, ya zuba mini ido. Duk 'yan dakon ni suke kallo.

Na ajiye kofin na ce, "Baba, a ɗaukar mata nata da na yara. Ita ba ta yi mini komai ba."

"Nashi hwa?"

"Nasa ya ɗauka da kansa."

Suka tashi suka rarrabe kayan, tukwane da akwatunan mata da katifar yara suka shige mota cikin ɗan lokaci. Aka bar masa tarin littattafansa da teburinsa da akwatin ƙarfe. Ya ɗauki akwatin, ya biyo ta gaban bencin da nake, gumi na zuba daga haɓarsa. Ya tsaya.

"Malam Isufu, ka yafe mini."

Na dube shi tun daga sama har ƙasa. Na ce, "Direba na jiran ka, Malam. Saura tebur."